Muhawara: Wai a wasan rubutu babu cuta?

Tsohon Hannu: Assalamu alaikum jama'a. Jiya wani ya kafe min cewa wasannin rubutu na intanet, irin MUD ɗin nan da kake rubuta umarni allo ya kwatanta maka ɗakin da ka shiga, babu ruwansu da maganar ɗa'a, tunda babu hoto babu jini. Ni dai ban gamsu ba. Me kuka gani?

Ɗan Lissafi: Wa'alaikumus salam, Yaya. Ni ina bayansa. Tun MUD na farko da Roy Trubshaw ya soma a Jami'ar Essex a 1978, Richard Bartle ya ɗora, ana kashe juna a ciki. Da Bartle ya kasa 'yan wasa gida huɗu a 1996 ma, makasa gida guda ne. Ni abin da nake dubawa shi ne daɗin rubutu, faɗin duniyar, da umarnin da ba sai ka yi kokawa da shi ba.

Uwar Biyu: Ƙanena, kisan da ka shiga fagensa da saninka daban ne. Duba abin da ya faru a LambdaMOO, wani wasan rubutu irin MUD, a 1993. Wani mai laƙabin Mr. Bungle ya yi amfani da wata dabarar manhaja, yana rubuta aikin batsa, allo yana nuna wa kowa kamar wasu 'yan wasa ne suke aikatawa da kansu. A falon da ya fi cika da jama'a kuma. Sunan da mutum ya daɗe yana ginawa, a sa shi abin kunya a gaban abokansa, ka ce rubutu ne kawai?

Ɗan Lissafi: To Hajiya, ai akwai umarnin toshe mutum. Su toshe shi mana.

Uwar Biyu: In ka toshe shi, kai kaɗai ka daina gani. Sauran 'yan ɗakin suna nan suna karantawa. An rufe maka ido ne, ba a ɗaure masa hannu ba.

Mai Sauraro: Ku ba ni dama. Ni ba na gani, manhajar karanta allo ce ke karanta min wasan, shi ya sa ma na riƙe irin waɗannan wasanni. Zagi da labarin daji duk da murya ɗaya suke shigo min kunne. Na bar wani wasa mai daɗin rubutu saboda na kai ƙara sau biyu, ashe wanda nake ƙara abokin mai gudanarwa ne.

Tsohon Hannu: Allah Ya ba ka haƙuri, Malam. Nan ne gizo ke saƙa. A LambdaMOO ɗin ma an yi doguwar ganawa ba a tsayar da magana ba, ƙarshe wani mai gudanarwa ya yi gaban kansa ya goge Bungle daga wasan. Daga baya Pavel Curtis, wanda ya kafa wurin, ya kawo tsarin koke da ƙuri'a.

Ɗan Lissafi: Kun ga? Mutum ɗaya ya yanke hukunci bisa ra'ayinsa. Yau ya goge mugu, gobe fa? Na yarda an cuci mutanen nan, na janye wannan. Amma mai gogewar, wa ke tuhumarsa?

Uwar Biyu: Tambayarka tana kan hanya. Sai dai ka lura, ɗazu daɗin rubutu kake aunawa, yanzu kuma ka koma tambayar wa ke riƙe da sanda.

Ɗan Lissafi: Hajiya kin kama ni. Amma har yanzu ba wanda ya amsa min.