Ina 'yan Indonesiya suka samo kalmar "meja"?

Mai_Bincike: Jama'a don Allah, na ji wai "meja" (tebur) da "sepatu" (takalmi) ba nasu ba ne, gaskiya ne?

Gwanki77: Gaskiya ne malam, na Fotugal ne, mesa da sapato. 'Yan Fotugal sun kama Malaka (birnin bakin teku a Maleshiya ta yanzu) a 1511, sai kalmominsu suka bazu ta tashoshin ruwa, har "gereja" (coci) da "bendera" (tuta), kai har "Minggu" ta Lahadi daga domingo take.

Uwar_Biyu: Amma na Holan sun fi yawa a Indonesiya fa, kantor (ofis), handuk (tawul), kulkas (firji). Maleshiya kuwa Ingila ta mulke su shi ya sa suke ce wa watan Agusta "Ogos", Indonesiya "Agustus".

Mai_Bincike: Ikon Allah, har sunan wata ma. Na gode.