Shafin Yayata yana ta faɗuwa da 508, a taimaka min

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Yayata tana saida atamfa da leshi, ni na haɗa mata shafi da WordPress da WooCommerce (manhajojin gina shafin saida kaya), da ƙyar ma na shawo kan mijinta ya yarda a biya kuɗin hostin (hayar wurin ajiye shafi a intanet) na shekara don shi gani yake WhatsApp ya isa. To yanzu ga Sallah ta matso, duk sanda ta saka link a sitatus sai shafin ya fito da 508 Resource Limit Is Reached, wato wai shafin ya ƙure iyakar da aka ba shi, kwastomomi na ta kiranta ita kuma tana kirana. Na shiga cPanel (inda ake sarrafa hostin) wajen Resource Usage na ga ja a CPU da EP, amma wlh ko rabin ma'ajiyar ban cika ba. Me zan yi dan Allah?

Injiniya: Wa alaikumus salam ƙanena. Ma'ajiya daban, wannan daban. Hostin na haɗaka kake, sabar (kwamfutar da ke ɗauke da shafuka) ɗaya ku da yawa, CloudLinux, manhajar da ke tafiyar da sabar, ya yanka wa kowa rabonsa. EP ɗin nan ba yawan baƙi ba ne, yawan buƙatun PHP ne (ayyukan da shafin ke sa sabar ta yi) da ke aiki a lokaci ɗaya, galibi 20 ake bayarwa. In shafi na buɗewa da sauri ɗaruruwan mutane za su wuce bai cika ba, in CPU, wato ƙarfin aikin da aka yanka maka, ta ƙure kowace buƙata sai ta tsaya tana jira, su taru, 508 ta fito. Ka danna Snapshot ka ga abin da ke gudana lokacin. Filogin (ƙananan manhajojin da ake ƙara wa WordPress) nawa ka saka?

'Yar Zinder: Ni haka wani kamfani ya min, ba gargaɗi ba komai suka rufe min asusu, na yi ta aika saƙo sai amsar inji nake samu. Har yau abin na min ciwo.

Mai tambaya: Filogin ɗin suna da ɗan yawa yallaɓai amma duk masu amfani ne. A Snapshot admin-ajax.php nake ta gani.

Injiniya: Shi ke nan ai, ta wannan fayil ɗin filogin ke aika buƙatu zuwa sabar. Ko filogin na hira da kwastoma ko na ƙirga baƙi ne ke bugun sabar ba hutu. Cire su, ka saka LiteSpeed Cache, filogin na kash da ke ajiye kwafin shafi don rage wa sabar aiki, in sabar taku LiteSpeed ce, ka kashe wp-cron, mai gudanar da ayyukan WordPress na lokaci-lokaci, ka maida shi Cron Jobs na cPanel.

Baban Yara: Duk ɓata lokaci ne, ya sayi VPS, wato yankin sabar da zai sarrafa shi kaɗai, kawai ya huta. Matsalar dai biya da dala, ni katina ya ƙi wucewa sai da na roƙi aboki.

Injiniya: Wanda bai gama gane cPanel ba za ka ce ya riƙe VPS? Wa zai kula masa da tsaro?

Mai tambaya: Na hirar kam ba zan cire ba, ta nan Yaya ke samun ciniki. Filogin na kash ɗin kuma na ji ana cewa yana rikita kwandon sayayya.

Injiniya: Ana ware kwando da shafin biya daga kash, filogin ɗin da kansa yake yi.

'Yar Zinder: Ka duba Visitors ma, wataƙila ba mutane ba ne, bot (manhaja mai yawo a shafuka da kanta) ne ke kwasar hotunan. Cloudflare, mai tace baƙi kafin su iso shafi, zai tare su.

Mai tambaya: To ni dai ina ganin kamfanin ne ke matse ni don in ƙara kuɗi. Yanzu ma ya sake faɗuwa, ga Yaya na kira. Akwai wanda ya san hostin da ba ya saka iyaka?