Likita ya ce in shiga gwajin sabon maganin lupus, wa ya taɓa shiga?

Maman Biyu: Salamu alaikum 'yan uwa. Shekarata huɗu da lupus, ciwon nan da garkuwar jiki ke kai wa jikin mutum kansa hari, ina shan hydroxychloroquine da prednisolone. Da an rage prednisolone sai yatsuna su kumbura, kurajen kunci su dawo. Likita ya ce akwai gwaji na mako 52, za a riƙa ɗaura min wani magani a kan waɗanda nake sha. Wasu ruwa zalla za a sa musu, shi kansa ba zai san wanne na samu ba. Kuma ba ɗaukar ciki har a gama, mu ko muna son ƙari. In sa hannu?

Uwargida: Allah ya ba ki lafiya. Ki dai guji rana.

Maman Biyu: Amin Hajiya, ai ni da rana mun daɗe da raba gari.

Mai Haƙuri: Ni na shiga irinsa. Duk bayan mako huɗu ina kan kujera, allura a bayan hannu. Na ji sauƙi, gashina ya tsiro, zoben da na ajiye shekara biyu ya sake shiga. Ranar ƙarshe aka yi min godiya. Na ce maganin fa? Wai in koma wajen likitana. Kafin wata uku na cire zoben. Har yau ban san me aka sa min ba.

Ƙanwar Mara Lafiya: Yayata kam an ci gaba da ba ta kyauta bayan an gama, har kuɗin mota.

Mai Haƙuri: Wane kuɗin mota? Mu ko ruwan sha ba mu gani ba.

Ɗalibin Magunguna: Anti, kowane gwaji da takardarsa. Maman Biyu ta duba abin da aka rubuta game da bayan gwaji, kuma tana iya fita duk ranar da ta so. Belimumab da Amurka ta amince da shi a 2011 shi ne sabon maganin lupus na farko cikin sama da shekara 50, ta wannan hanyar ya fito. Anifrolumab ya biyo a 2021, amma yana ƙara haɗarin kurajen nan masu raɗaɗi da ƙwayar ƙarambau ke tayarwa.

Mai Haƙuri: Yaro, kai a littafi ka gani, ni a jijiyata.

Uwargida: A bar shi ya yi magana mana, ai bai faɗi ƙarya ba.

Fuskar Wata: Ni dai in akwai gwajin da zai dawo min da kumatuna na da, a rubuta sunana a sama 😂

Mai Haƙuri: Wallahi! Prednisolone ya kumbura ka, a ce "kin yi ƙiba, hutu ya karɓe ki".

Fuskar Wata: A wurin aiki cewa aka yi ban yi kama da mara lafiya ba, ranar da ko biro na kasa riƙewa.

Maman Biyu: To maganar cikin fa? Ba wadda ta taɓa jira shekarar?