Wai mi ya ci Chicago Blackhawks ne?

Ɗan Mabera:
Salamu alaikum jama'a. Don Allah masu bin wasannin Amurka ku taimaka min, wanga kulob na hokin ƙanƙara Chicago Blackhawks na gani a YouTube sun ɗauki kofin gasarsu, Stanley Cup, a 2010, 2013 da 2015, amma da na duba teburin shekarun baya-bayan nan sai na iske su can ƙasa. Kuɗi sunka ƙare musu ko mi? Kuma ya akai ba su faɗa rukuni na biyu ba?

Na Runjin Sambo:
Kai mutumina, rana na gasa mu a Sakkwato kai kana can kana kallon ƙanƙara 😂 mu ta cikin kular mai zoɓo kawai munka sani

Yayan Arkilla:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kuɗi na nan, tsarin gasar tasu NHL ne daban da Firimiya, su ba a faɗuwa rukuni na biyu ko ka zo na ƙarshe. Kuma tun 2005 akwai iyakar abin da kowane kulob zai kashe a albashin 'yan wasa, ko attajirin duniya ne mai shi bai isa ya wuce ba.

Kafin 2010 rabonsu da kofi tun 1961 fa. Mai kulob ɗin na da, Bill Wirtz, har wasannin gida ya hana a nuna a talabijin ɗin garin wai don mutane su sayi tikiti, ni dai ban ga dabara a nan ba don filin ma ya daina cika. Da ya rasu a 2007 ɗansa Rocky ya karɓa ya buɗe talabijin, ga shi lokacin sun samu yara biyu, Jonathan Toews a 2006 da Patrick Kane a 2007, saboda su can kulob-kulob ɗin da sunka fi shan kashi su ka fara zaɓen sabbin matasa.

To da sunka ci kofuna dole a biya su, a 2014 Toews da Kane kowanensu ya sa hannu kan dala miliyan 10.5 a shekara har shekara 8, alhali iyakar kulob gaba ɗaya lokacin wajen miliyan 71 ce, ka ga sai an riƙa sallamar wasu gwanayen, su kuma manyan suna tsufa. A 2017 kulob ɗin Nashville ya fidda su zagayen farko na wasannin neman kofi ko wasa ɗaya ba su ci ba, daga nan abin ya fara zamewa. A 2023 Kane ya koma New York Rangers, Toews ba a sabunta mishi ba, sunka ɗauko matashi Connor Bedard sunka fara gini daga tushe.

Ɗan Mabera:
Na gode Yaya. Kenan kulob na iya barin a yi ta cin shi da gangan don ya samu yaron da yake so?

Yayan Arkilla:
Ana zargin wasu da haka, shi ya sa zaɓin farko ƙuri'a ake jefawa. A 2023 ɗin ma Anaheim ce ta ƙarshe a tebur amma ƙuri'a ta faɗa kan Chicago.