Wace irin ɗamara ta dace da kwikwiyo mai mako goma?

Ɗan Gwammaja:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kwikwiyo ne jinsin Alsatian, makonsa goma, nauyinsa wajen kilo 8, ana so a fara koya masa tafiya da igiya. A shagon kayan dabbobi akwai abin wuya, akwai kuma ɗamarar ƙirji kala-kala, wata zobenta a gadon baya, wata a gaba. Wacce za a ɗauka, kuma yaya ake gane wadda ta yi masa daidai?

Mai Kiwo:
Wa alaikumus salam. Ɗauki ɗamara, Malam. Kwikwiyo bai san tafiya da igiya ba, fizga yake yi yana tirjewa, kuma in abin wuya ne duk ƙarfin a maƙogwaro yake sauka. Abin wuya ka bar shi don rataya lambar waya kawai. Sarƙar nan mai shaƙewa kuwa kada ta kusanci wuyansa ko kaɗan.

Kafin ka je shago, ari tef ɗin tela ka yi awo biyu. Na farko zagayen ƙirji, inda ya fi faɗi, kamar yatsu biyu ko uku a bayan hammata. Na biyu zagayen gindin wuya, daga saman kafaɗa zuwa kan ƙashin ƙirji, ba can sama inda abin wuya ke zama ba. Kada ka dogara da S ko M da aka rubuta a kwali, kowane kamfani da nasa ma'aunin. Duba santimitan da ke jiki. In an rubuta 40 zuwa 55, ka so awon karenka ya faɗo kusa da 40, don a samu wurin sassautawa yana girma.

Siffa ita ce babbar magana. Nemi wadda in ka tsaya a gabansa za ka ga ta yi harafin Y: maɗauri biyu sun sauko ta gefen wuya, sun haɗu a kan ƙashin ƙirji, ɗaya ya ratsa tsakanin ƙafafun gaba ya je ya kama na ciki, wanda ke zagaye shi kamar majayin sirdi. Wadda maɗaurinta ya gitta ƙirji a miƙe tana saurin sawa, amma a kan gaɓar kafaɗa take zama, tana rage masa taku, kuma karen da ke cikin girma bai kamata a takura masa kafaɗa ba. Wadda za ka saya ta kasance tana da wurin ƙari da ragi aƙalla huɗu. Faɗin maɗauri santimita 2 ya ishe shi. Su Lhasa da sauran ƙanana 1 zuwa 1.5.

Bayan ka ɗaura, zura yatsu biyu a kwance ƙarƙashin kowane maɗauri. In ba su shiga ba ta matse, in hannu duka ya shige zai suɓuce.

Hajiya Likita:
Abin da Malam Mai Kiwo ya faɗa daidai ne, sai dai akwai abin da ke gaban sayen ɗamara. Mai mako goma bai gama allurarsa ba. Ana fara ta tsakanin mako 6 da 8, a maimaita duk bayan mako 3 ko 4 har ya kai wajen mako 16, ta haukan kare kuma daga wata uku. Ƙwayar cutar parvo, mai sa amai da gudawa da jini, tana yin watanni a ƙasa inda kare mai ita ya yi kashi. Don haka koyon tafiya a tsakar gida za a yi yanzu, titi sai likitansa ya ce an kammala.

Sai zafi. Ɗamara mai kama da riga, da ke rufe baya da ƙirji da soso, tana riƙe zafi, kuma kare da haki yake sanyaya jikinsa, ba gumi irin namu ba. Ta maɗaurin nailan mara nauyi ta fi, ga saurin bushewa in an wanke. Duk lokacin da aka cire, a ɗaga ƙafar gaba a duba hammata: ja, ko zubewar gashi, alama ce maɗaurin ciki ya matso gaba yana guga. Kaska ma na son maƙalewa a wurin. Kuma a sake gwajin yatsu biyun nan kowane mako, don irin wannan jinsi a wannan shekarun yana iya ƙara kilo guda a mako.

Ɗan Gwammaja:
Na gode ƙwarai. To batun zoben fa, na gaba ko na baya? Kuma ba gara a sayi babba ba tunda zai girma ya cike ta?

Baban Gadi:
A'a, ranka ya daɗe, nan ake yin asara. Babbar ɗamara tana juyawa gefe, kuma da kwikwiyo ya tsorata da ƙarar babur sai ya ja da baya, ya sunkuyar da kai, ya zare ƙafafu ya bar maka ita a hannu. Sayi mai sauƙin kuɗi daidai jikinsa, ka sa a rai za ka canza sau biyu ko uku kafin ya shekara. Abin dubawa kawai shi ne zoben ƙarfen a like yake da walda, ba lanƙwasa shi aka yi ba, maɓallin kuma ya yi ƙaras in an kulle. In ya fara ja da baya, kada ka ja shi gaba, kai kake taya shi cirewa. Sassauta igiyar ka matsa gefensa.

Zobe kuwa fara da na baya, igiya ba ta harɗe masa ƙafa. Na gaba amfaninsa sai ya yi ƙarfi ya fara jan mutum, don yana juyo da ƙirjinsa gefe. Mai zobe biyu ta raba gardama. Igiya ta zama mai tsawon mita ɗaya da rabi zuwa biyu. Mai naɗe kanta ɗin nan koya masa ja take yi, tunda duk ya ja sai ta ƙara tsawo.

Ranar farko ajiye ɗamarar kusa da kwanon abincinsa ya shinshina. Washegari riƙe ɗan nama ta cikin zagayen wuyan, ya zura kai da kansa. Sannan a kulle na minti biyu ko uku ana wasa da shi, a cire kafin ya fara damuwa. Sai bayan kwana uku ko huɗu a maƙala igiya. In an gama a cire a rataye sama, domin yana wata huɗu zai shiga famfara, kuma maɗaurin ƙirjin ne farkon abin da bakinsa ke kaiwa.