Neman taimako: dabbar ruwan da nake kiwo ta kumbura, ta daina ci

Assalamu alaikum. Ina kiwon wata 'yar dabbar ruwa mai kama da ƙadangare da ake kira newt, irin ta ƙasar Sin mai baƙin baya da ciki mai launin ja. Yau kwana 10 ke nan ta ƙi cin tana, jikinta ya kumbura, kuma tana yawo a saman ruwa ba ta iya nutsewa. An fi so zafin ruwanta kada ya wuce digiri 20, amma nata ya kai 25, ga shi na zuba ruwan famfo ban cire kulorin (sinadarin tsabtace ruwa) ba. Na sauya ruwan, na sanyaya shi, amma babu sauƙi.

Don Allah masana, yaya zan bambance kumburin ciwon ƙoda ko ƙwayoyin cuta da na ƙwai ko tsakuwar da ta haɗiye?