Sarƙar lu'ulu'un marigayiya ta haɗa ni da yayana

Maman Hanifa: Salamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Innarmu ta rasu bayan ƙaramar salla. Ta bar sarƙar lu'ulu'u da ta sayo a Dubai wurin wani Ba'indiye, shekarar da muka tashi daga unguwar Bagalam muka koma unguwar Ali Ɗan Sofo a Maraɗi, ina goyon fari, ga damina ta rusa mana katanga. Mutumin ya ce mata a addininsu lu'ulu'u na watan sama ne, yana sanyaya zuciya. Yanzu Yaya ya ce a sayar a raba, Gwaggo ta ce kayan 'yan Aljanna ne, ba a kai shi kasuwa. Sarƙar tana hannuna, barci ya gagare ni.

Malam na Zariya: Allah ya jiƙanta. Gwaggo ta ji rabin karatu. Suratul Hajji aya ta 23 ta ce za a ƙawata 'yan Aljanna da mundayen zinariya da lu'ulu'u, to zinariyar ba ga ta nan a babbar kasuwa ana cinikinta ba? Zancen wata kuwa aƙidar Hindu ce, ki bar musu. Gado ne, a raba.

Ɗiyar Danja: Mu ma a Linjila, Matta 13, ɗan kasuwa ya sayar da duk abin da ya mallaka don ya sayi lu'ulu'u guda ɗaya. Ki biya yayanki rabonsa, ki riƙe ta innarki.

Hajiya 'yar Tibiri: Hmm, yayye maza! Namu gonar Baba ya sayar, har yau ko dala ban gani ba. Ki ɓoye abinki.

Malam na Zariya: Subhanallah Hajiya! Ɓoye gado? Ki ji tsoron Allah.

Ɗan Gulbi: Wai na gaske ne ma? Ki goga a haƙori, in kin ji shi sumul ba ƙaiƙayin yashi, roba ce.

Maman Hanifa: Inna ba ta sayen roba. Kuma Malam, ni ban ce na yarda da zancen wata ba, amma in na sa ta hankalina yana kwanciya. Ni na yi jinyarta wata bakwai, Yaya yana Kwatano.

Malam na Zariya: Jinya lada ce, ba ta ƙara rabo. Ku nawa ne magadan ma tukuna?

Hajiya 'yar Tibiri: Ni ma haka aka tambaye ni, daga nan gona ta tafi.